Direban da Ya Guje wa Ɗan Sanda da Hukuncin da Alƙali Ba Ya Iya Ragewa

A yawancin laifuffuka, doka takan faɗi mafi girman hukunci ne kawai, ta bar alƙali ya dubi halin mai laifi, ya sassauta ko ya tsananta. Amma akwai laifin da ake yanka masa mafi ƙarancin hukunci. Idan doka ta ce a ɗaure mutum aƙalla shekara 3, to ko alƙali ya ji tausayinsa, ba shi da ikon rage ko kwana ɗaya.

Ƙasar Ghana tana da irin wannan doka. Tun 2003, wanda ya yi fashi zai sha aƙalla shekara 10, in kuwa da makami ne, 15. Ta fuskar tuƙi kuma, Dokar Hanya ta 2004, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta ce wanda ya yi tuƙin ganganci har aka rasa rai, ɗaurinsa daga shekara 3 ne zuwa 7. Ƙin tsayawa idan ɗan sanda ya ɗaga hannu laifi ne mai zaman kansa, amma shekara ukun nan ta ran da aka rasa ce, ba ta gudun ba.

Wannan magana ta shafi zangunan Akra, birnin da Hausawa ke kira Ankara. A Nima da Maamobi samari da yawa suna cin abinci da haya da babur, wato okada. A 2012 gwamnati ta hana wannan sana'a, amma ba a daina ba. Sau da yawa babur ɗin ma ba na yaron ba ne, na maigida ne, yana biyansa kaɗan-kaɗan. Idan ya hango 'yan sanda, abin da ke faɗo masa a rai shi ne za a ƙwace babur ga bashi a wuyansa, sai ya murɗa ya faɗa lungu. Lungunan kuwa matsattsu ne, ga yara ga masu talla, balle ranar Laraba da kasuwar Nima ke ci. Da ya tsaya, da tara ce ko ƙwace babur. In ya buge wani ya mutu, gidan yari ne ba makawa.

Wasu wurare sun ɗora hukuncin a kan gudun. A jihar Yammacin Ostareliya, dokar 2012 ta wajabta ɗaurin aƙalla wata 6 ga wanda ya yi tuƙin ganganci yana guje wa 'yan sanda, ko da bai taɓa kowa ba. Masu goyon baya suna cewa tsoron ɗauri zai sa direba ya taka birki. Masu suka kuwa suna cewa wanda ya firgita ba ya tsayawa lissafin watanni, kuma dokar tana yi wa ɗan fashi da yaron da takardunsa suka ƙare kuɗin goro. Wannan suka tana da ƙarfi, domin alƙali ne kaɗai yake jin labarin kowannensu, shi ne kuma dokar ta hana ya bambanta su.