In Saƙo Ya Lalace A Cikin Waya

A zangon da ya wuce malaminmu na kimiyya ya sa ni in haɗa ma'aunin zafi da kwamfutar kwaleji, domin ta riƙa rubuta zafin rana da kanta. Na haɗa su ta ƙofar siriyal, watau ƙofar da ke aika saƙo ƙwaya ɗaya bayan ɗaya ta cikin waya. Kashegari na duba, sai na ga wai zafin tsakar rana a watan Afrilu digiri 3 ne! Ma'aunin bai yi ƙarya ba, 38 ya aiko. Manhajar da na rubuta ce ta yi gaggawa, ta karɓi 3 ta tafi tun 8 bai iso ba.

To, ga yadda abin ya ke. Ƙa'idar wannan ƙofa, RS-232, ta fito a Amurka a 1960. Kowane harafi ƙwaya 8 ne, kowace ƙwaya sifiri ce ko ɗaya, da ƙwayar buɗewa a gaba, da ta rufewa a baya, 10 ke nan. In ana aika ƙwaya 9600 a daƙiƙa, haruffa 960 ke wucewa. Tilas mai aikawa da mai karɓa su daidaita saurinsu, in ba haka ba ƙwayar rufewa ba za ta faɗo inda a ke jiranta ba, sai shirme ya cika allo. Wani lokaci kuma haruffa su kan zo su tarar ba a kwashe na farko ba, su ɓace. Duk wanda ya taɓa yi wa 'yan aji uku shifta da sauri ya san wannan.

Akwai wata dabara ta cika da mara. A kan ƙara ƙwaya guda domin jimlar ɗaya-ɗaya na harafi ta zama cika kullum. Harafin A shi ne 01000001, ɗaya biyu ke ciki. In ƙwaya guda ta juye ya zama C, ɗaya uku ke nan, mara, nan da nan a kama shi. Amma in biyu suka juye ya zama G, huɗu ke nan, cika, ya wuce abinsa ba mai tsai da shi. Saboda haka ni ban dogara da ita kaɗai ba.

Abin da na yi, na ari hanyar XMODEM, wadda Ward Christensen ya fito da ita a 1977. Shi ya kan yanka saƙo gunduwa gunduwa, haruffa 128 kowace, ya tara lissafinsu ya liƙa a ƙarshe. Mai karɓa ya sake tarawa. In ya yi daidai ya amsa ya karɓa, in bai yi ba ya nemi a sake aikowa. Nawa saƙon gajere ne, amma haka na bi, na kuma hana manhajar taɓa lamba sai alamar ƙarshen layi ta iso.

Saura jira. Ran nan wani ya tuntsure waya da tsintsiya, manhajar ta zauna tana jira har gari ya waye, gama ban gaya mata ranar dainawa ba. Yanzu daƙiƙa 2 ta ke jira, ta sake tambaya har sau 3, sa'an nan ta rubuta a littafinta cewa ba a sami amsa ba, da lokacin, ta bar gurbin lambar fanko.