Lanho, Rajista da Kasafi: Da Me Dakusa Za Ta Yi Aiki?

Idan kaka ta yi a ƙasar Damagaram, an yanke gero an ɗaure dammuna an kai rumbu, akwai takardar da ke biyo bayan girbin, wato jerin sunayen masu biyan harajin da ake kira lanho. Mai gari ya karɓa, ya bi gida gida, ya tara abin da ya samu ya kai wa ma'ajin kwamin, wato ƙaramar hukuma. A Dakusa, ƙaramar hukumar karkara da ke arewa da birnin Zinder a gundumar Takeita, kamar sauran takwarorinta a Nijar, a kan wannan takarda da tikitin kasuwa ake ɗora mafi yawan abin da ake kira kuɗin shiga na cikin gida. Shekaru da yawa adadin da mutanen karkara suka sani shi ne sefa 700 a kan kowane baligi da ke cikin rajista, dala 140 ke nan a lissafin kasuwa.

Bari mu yi lissafi na misali. A ƙaddara kwamin tana da mutum 20,000 a rajistarta, kuma kowa ya biya, babu wanda ya tafi ci-rani, babu wanda fari ya cinye wa gona. Abin da za a tara miliyan 14 ne. A cire ladan masu gari da na sarki, a biya sakatare da ma'aji da direba da mai gadi, a zuba mai a mota, a biya kuɗin zaman majalisa. Abin da ya saura, in ya saura, da shi ake so a gina aji, a gyara famfo, a yashe rijiya, a shata burtali. Dokar ƙananan hukumomi ta shekarar 2010 kuwa cewa ta yi kashi 45 cikin ɗari na kuɗin shiga na yau da kullum a ware shi domin ayyukan raya ƙasa. A takarda ana warewa. A ƙasa kuma, duk wanda ya taɓa leƙa ofishin magajin gari a ƙauye ya san inda kuɗin ke ƙarewa.

Biyan haraji ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun zamanin sarakunan Damagaram manomi na fid da zakkar hatsi, makiyayi na biyan jangali, fatake da ayarin Azbinawa da ke sauka a Zangon Zinder suna biyan nasu, ita ma fada tana aika gaisuwa Kukawa wurin Shehun Barno. Da irin wannan dukiya Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa. Ba na cewa zamanin adalci ne tsantsa, don kuwa bayi da ganimar yaƙi suna cikin abin da ya cika baitulmalin. Amma haraji na lokacin yana bin dukiya: mai dami ɗari ba ya biyan abin da mai dami goma ke biya, kuma shekarar da gona ba ta yi ba, zakka ma ba ta yi ba.

Faransawa ne suka juya ma'aunin. Bayan yaƙin Tirmini a watan Yulin 1899, wanda aka yi a maƙwabtan Dakusa, da kisan Sarki Amadu Kuran Daga a wannan shekara, sai aka kawo harajin kai. Ba a tambayar abin da ka noma, kanka ake ƙirgawa. Daga baya aka ce ba a karɓar wuri ko hatsi, sai kuɗin Nasara, abin da ya tura mutane noman gyaɗa da ci-rani, ya kuma sa wasu suka kwashe iyalansu suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Kano da Daura da Katsina. Mai gari ya zama ɗan aiken kumandan, jami'in mulkin Faransa, in kuɗi bai cika ba shi ake wulaƙantawa a bariki, shi kuma ya huce a kan talakawa. Janar Seyni Kunce ya soke harajin kai na gwamnatin tsakiya a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa, kamar yadda Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Sai dai a Nijar an bar ɗan abin da ake biya wa gunduma, kuma shi ne ya rikiɗe ya zama lanhon kwamin bayan dokokin 2002 da suka kafa ƙananan hukumomi 265 da zaɓen farko na watan Yulin 2004.

Wato dai ƙaramar hukumar da aka kafa don kawo mulki kusa da jama'a, ma'aunin kumandan ta gada. Mai shanu hamsin da rumbu biyar da kanti a bakin hanya, da ɗan ƙwadagon da ba shi da ko akuya, kuɗi ɗaya suke biya. A ganina nan ne matsalar take, ba a ƙanƙantar adadin ba.

A ƙasashen da ƙananan hukumomi ke rayuwa da harajin gidaje da filaye, maganin wannan shi ne sake ƙiyasi: lokaci lokaci a fita a duba kowace kadara, a rubuta darajarta ta yau, a raba nauyin kasafi a kan mutane gwargwadon abin da suka mallaka. Abin da mutane kan kasa ganewa shi ne, sake ƙiyasi ba lalle ne ya zama ƙarin haraji ba. Idan abin da gari ke bukata bai canja ba, kuma darajar kadarori ta ninka, sai a rage kason da ake ɗauka. Abin da ke canjawa shi ne rabon nauyin: wanda filinsa ya yi tsada saboda kwalta ta bi ta ƙofarsa ya ɗauki fiye da da, wanda unguwarsa ta mutu ya samu sauƙi. Shi ya sa masu mulki ke tsoron aikin, domin waɗanda za a ƙara wa su ne masu baki. Ingila har yau da darajar gidaje ta 1991 take aiki. Faransa, wadda muka kwafi dokokinta, harajin gidajen zama a can yana kan ƙiyasin 1970 ne, ana ta ɗaga ranar sabuntawa.

A Nijar akwai harajin gine-gine a doka, amma ma'aikatar haraji ta ƙasa ce ke ƙiyasta shi da karɓarsa, sannan a mayar wa ƙaramar hukuma wani kaso. Ana lissafa shi ne a kan kuɗin hayar da gini zai iya kawowa. A Yamai ko a cikin birnin Zinder wannan yana da ma'ana. A garin da kusan kowa ke zaune a gidan gado na ƙasa, ba haya ba takardar mallaka, ma'aunin ba ya kama komai. Da gwamnati ta so faɗaɗa abin a kasafin 2018, sai ta kawo harajin mazauni ta rataya shi a kan mitar wutar Nigelec. An yi ta zanga-zanga a Yamai da Zinder da wasu garuruwa, har aka kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula irin su Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika a watan Maris na 2018. Ko ba don rigimar ba, harajin da ke bin mita ba zai tsinana wa ƙauyen da wuta ba ta kai ba komai.

To me za a ƙiyasta a Dakusa? Abu na farko mutane ne. Rajistar masu biya tana tsufa da sauri a ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna jama'arta na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, kuma jihar Zinder ce ta fi kowace yawan jama'a. Yaron da aka rubuta a katin iyali yana goye, yau magidanci ne, amma sunansa bai shiga cikin masu biya ba. Tsohon da ya rasu kuwa yana nan a jerin, ana bin mai gari bashinsa. Wani ya tafi Libiya ko Aljeriya ko Legas shekara da shekaru, ƙaninsa ke biya masa ko kuma ba a biya. Mai gari da ya ga jerin ba gaskiya ba ne, sai ya daina ɗaukarsa da muhimmanci, ya kai abin da ya sawwaƙa. Ƙidayar hukuma tana cin kuɗi, shi ya sa ake ɗaga ta, amma kwamin da ba ta san adadin mutanenta ba, kasafinta zato ne kawai.

Na biyu ƙasa ce, kuma a nan yankin yana da abin da wasu ba su da shi. Bayan dokar karkara ta watan Maris 1993, hukumomin filaye na farko da aka kafa a Nijar a 1994 biyu ne, ɗaya a Maine-Sorowa, ɗaya a Mirya, kuma a lokacin Dakusa a ƙarƙashin Mirya take. Waɗannan hukumomi, da mutane ke kira kofo, suna da rassa har matakin kwamin da na ƙauye, suna ba da takardar shaidar gado da saye da jingina da aro. An kafa su ne don kashe rigimar manomi da makiyayi da ta ƴan'uwa a kan gona, ba don haraji ba, kuma ba na goyon bayan a mayar da takardar kofo tarkon lanho. Ranar da manomi ya ji cewa rubuta gonarsa zai jawo masa biya, ranar zai daina zuwa, a koma rantsuwa da Alƙur'ani a kan iyaka. Gonar da ake ci daga gare ta a bar ta. Amma akwai wata ƙasar daban: filayen da ƴan kasuwa da ma'aikatan birni ke saye a kewayen Zinder su kafa fegi su ajiye suna jiran tsada, da shaguna, da ɗakunan ajiyar hatsi da wake, da injin niƙa, da gidajen mai, da eriyar kamfanonin waya. Tun da aka buɗe matatar mai ta Soraz a 2011 a kan hanyar Tanut, shiyyar arewacin birnin ba ta zama yadda take da ba. Wannan dukiya ana ganinta da ido, ba ta tafiya ci-rani, kuma ba ta da yawan da zai gagari ƙirgawa.

Ba sai an ɗauko ƙwararrun masu ƙiyasi daga Yamai ba. A Firitawun ta Saliyo, magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta sabunta rajistar gidaje a 2020 da tsarin maki: girman gini, irin rufi, irin bango, kyawun hanyar da ke gabansa, kowanne da makinsa, kowa na iya duba yadda aka lissafa nasa. Gidajen da ke cikin rajista sun kusa ninkawa. A Kananga ta Kwango kuma, wani bincike da aka yi a kan karɓar harajin gidaje na 2018 ya nuna masu unguwa sun tara fiye da ma'aikatan gwamnati da sama da kashi 40 cikin ɗari, musamman saboda sun san wanda ke da halin biya. Wannan ilimi masu garinmu suna da shi. Kano ma ta taɓa yin malaman taki, masu auna gona da ƙafa, tun wajen 1909, kuma abin da ya ɓata aikinsu shi ne abin da zai iya ɓata wannan: ma'auni a hannun mutum ɗaya, ba mai duba shi. Saboda haka duk jerin da aka yi a kafe shi a fili, a ba mutum damar ya zo ya ce an yi masa ba daidai ba.

Wani zai ce me ya sa za a matsa wa karkara alhali gwamnati na da tallafi? Akwai hukumar ANFICT da aka kafa a 2008 don raba wa ƙananan hukumomi kuɗi, akwai kuma kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai da man fetur da doka ta ce a mayar wa yankunan da ake haƙowa. Magadan gari sun daɗe suna kukan cewa kuɗin ba sa zuwa a kan kari, wani lokaci bashin shekaru ne ke taruwa. A 2016 kuma aka miƙa wa ƙananan hukumomi ɗawainiyar ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma kayan aikin ba su biyo baya yadda ya kamata ba. Ragowar giɓin masu ba da agaji ne ke cikewa, su kuwa da tsarinsu suke zuwa, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da yawansu sun janye ko sun rage. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci ba shi ke zaɓen lokacin cin abinci ba.

Saura magana mafi nauyi, wato yarda. A watan Afrilun 2024 Janar Abdurahman Tiani ya rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan mataki, kuma gaskiya ne cewa majalisu da yawa ba su bar abin yabo ba. Amma a da, ko ba komai, akwai kansilan da mutumin ƙauye zai tare a kasuwa ya tambaye shi ina kuɗin tikiti suka shiga. Yanzu wanda ke sa hannu a kan kashe kuɗi, sama yake kai rahoto. Idan a cikin wannan hali aka fito da sabuwar rajista ba tare da bayani ba, mutane za su ɗauke ta a matsayin ƙidayar kumandan, su ɓoye ƴaƴansu da awakinsu kamar yadda kakanninsu suka yi.

Kasafin kwamin da Faransanci ake rubuta shi, cikin layuka da lambobin da ko mai takardar sakandare sai ya yi da gaske. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka babu sauran hujjar ɓoye lissafi a bayan harshe. Kiran da nake yi ga kantoman Dakusa da sarki da masu gari shi ne, kafin a taɓa adadin lanho ko a auna fili ɗaya, a tsaya ranar kasuwa a karanta wa jama'a da Hausa abin da aka tara bara daga kowane gari da kowace kasuwa, da abin da aka yi da shi, a maimaita a rediyo, a kafe kwafi a ƙofar ofis. Bayan haka sai a fito da rajistar a gyara ta a gaban masu ita.