Giwar Bamileke ta Duwatsu Ce, Gashin Akun Kuwa na Gaske

Tun 2016, lokacin da taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, a Johannesburg ya haramta cinikin akun daji mai ruwan toka tsakanin ƙasashe, ake ta ƙorafin cewa masu kare namun daji sun sako al'adun gargajiya a gaba. Hujjar da aka fi kawowa ita ce wai sarauta ba ta cika sai da fatar damisa da gashin tsuntsu na ainihi.

Mai wannan magana ya leƙa ƙasar Bamileke, a yammacin Kamaru. 'Yan ƙungiyar Kuosi, wato attajirai da manyan fada, suna fita rawa da rufin fuska mai siffar giwa: kunnuwa faffaɗa kamar faifai, da dogayen ƙyallaye gaba da baya a madadin hanci. Babu ko ƙwayar hauren giwa a jiki. Yadi ne aka ɗinke da dubban ƙananan duwatsun ado na gilashi, irin waɗanda fatake suka riƙa kawowa daga Banis da Bohemiya a ƙarni na 19, lokacin da tara su kaɗai ya isa shaidar arziki. Zanen nan mai kusurwa uku da ya cika yadin kuwa, ana fassara shi da dabbaren damisa. Ashe tun kafin a san wata CITES, maɗinkan nan sun iya ɗauko kwarjinin dabba da allura da zare. Ko shuɗin zanen ndop da ake ɗaurawa a ƙasa, a marinar Garwa aka saba tsoma shi.

Matsalar tana bisa kai. Babbar hular da ke cika shigar, da jan gashin jelar aku ake yin ta ta asali, kuma aku ɗaya 'yan gashin da ke jelarsa ba su taka kara sun karya ba. Tsuntsu ne da ke yin ƙwai biyu zuwa huɗu a kogon bishiya, ga jinkirin balaga. Kama manyansa tamkar dafe irin shuka ne ana gab da damina.

Mafita ba ta gagara ba. A Afirka ta Kudu, tun 2013 ƙungiyar kare namun daji ta Panthera ke raba wa mabiya cocin Shembe fatar damisa ta masaƙa, kuma sun karɓa suna rawa da ita. A Kamaru ma, yawancin hulunan da ake sayar wa baƙi yanzu gashin kaji ne aka rina.

Jami'an gandun daji dai sun fi gane wa kama ɗan tallan da ke riƙe da keji ɗaya. Zama da sarakuna da maɗinka a fada, inda ake yanke abin da za a sa ranar biki, shi ne ba su cika yi ba.