Yaran da Ke Karatu a Gida: Shirin Sabuwar Shekarar Makaranta

Watan Satumba yakan zo wa manomi da aiki biyu a lokaci guda. Masarar fari ta nuna, gyaɗa ta kusa cira, ga kuma makarantu sun buɗe sabuwar shekara. Gidan da yaransa ke zuwa makaranta ya san abin da zai yi: a ɗinka riga, a sayi littafi da fensir, a sallami yaro da safe. Amma a Rido da Maraban Rido da ƙauyukan da ke kan hanyar Kachia akwai gidajen masu bi da yawa waɗanda yaransu suna zaune a gida, uwa ko wa ko kawu ne ke koya musu abin da ya sawwaƙa. Saboda waɗannan gidaje ne muka yi wannan bayani.

Kowa ya san yadda aka kai ga haka. A watan Maris 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, yara suka yi watanni a gida. Ba a gama farfaɗowa ba, sai ran 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke Damishi, nan kusa da mu, suka tafi da ɗalibai 121. Na ƙarshensu bai dawo gida ba sai a watan Nuwamba 2023. Bayan wannan hari gwamnatin jiha ta rufe makarantu 13 da ke wuraren haɗari, daga baya ta ɗage komawar dukan makarantu har zuwa Satumba. A watan Maris 2024 kuma aka kwashi yaran makarantar Kuriga, ita ma a cikin ƙaramar hukumarmu ta Chikun. Ban da wannan, ga iyalan da suka baro ƙauyukansu suka zo suka raɓa da 'yan'uwa, ba takardar makaranta, ba kuɗin makarantar kuɗi. Uban da ya riƙe ɗansa a gida cikin irin wannan hali ba ragon uba ba ne, kada kowa ya zarge shi a taron ikilisiya.

Amma sai mu faɗa wa juna gaskiya. A Amurka da Ingila doka ta yarda iyaye su koyar da 'ya'yansu a gida har su gama. A Jamus an hana. A Nijeriya kuwa, dokar ilmin bai ɗaya ta UBE ta shekarar 2004 ta ce tilas ne kowane yaro ya yi shekara 6 a firamare da shekara 3 a ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa iyaye nauyin aika shi makaranta. Wanda ya ƙi, da fari gargaɗi ne, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, bayan haka Naira 5,000 ko wata biyu. Ba tsoron tara ne ya sa na kawo wannan ba. Abin lura shi ne, a ƙasarmu takardar shaidar karatu ta hannun makaranta take fitowa. Saboda haka karatun gida a wurinmu gada ne, ana binsa domin a haye, yaro ya koma aji bai rasa kome ba. Duk shirin da za a yi sai a yi shi da wannan nufi.

A fara gwada yaro

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce, "Bara yana aji uku, bana sai a saya masa littattafan aji huɗu." Manomi ba ya zuba taki sai ya dubi ƙasa. Yaron da ya yi shekara guda ko biyu yana karatu jefi-jefi, wataƙila shekarunsa na aji huɗu ne amma karatunsa na aji biyu. Idan aka ba shi littafin da ya fi ƙarfinsa, sai ya haddace sauti kamar aku, ya ƙi jinin littafi gaba ɗaya.

Gwajin ba shi da wuya, kowace uwa da ta iya karatu za ta iya yinsa cikin minti goma. A sami takarda, a rubuta baƙaƙe da wasula guda goma a warwatse, ba bisa jerinsu ba. A ƙarƙashi a rubuta kalmomi goma da yaro ya saba ji, kamar gona, ruwa, kaza, doya, akuya. Sa'an nan jimloli huɗu gajeru. Daga ƙarshe ɗan labari mai layi takwas ko goma. A fara ba shi jimlolin. In ya karanta ba tuntuɓe, a hau da shi zuwa labarin, a yi masa tambaya biyu a ga ko ya gane abin da ya karanta. In ya kasa, a sauko zuwa kalmomi, in ya kasa nan ma a sauko zuwa baƙaƙe. Inda ya tsaya, nan ne ajinsa na gaskiya, daga nan za a fara. Wata ƙungiya ta ƙasar Indiya mai suna Pratham ce ta yaɗa wannan hanya, an kuwa yi aiki da ita a ƙasashen Afirka da dama har da arewacin Nijeriya.

Lissafi ma haka ne. Ya san lambobi daga 1 zuwa 9? Daga 10 zuwa 99? Ya iya ɗebe 28 daga 53, inda sai an yi aro? Ya iya raba 76 gida 4? A rubuta sakamakon da kwanan wata a bangon littafinsa, a sake gwadawa kafin Kirsimeti. Kada a yi gwajin da bulala a hannu, kada kuma a yi shi a gaban ƙannensa.

Wane harshe?

Yaron Rido yakan ji Gbagyi ko Adara ko wani harshe a gida, Hausa a kasuwa da sujada, Turanci a makaranta. A kwalejin horon malamai an koya mana, na kuma gani da idona, cewa yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake ji sosai. Hausa tana da sauƙi a nan, gama yadda ake faɗi haka ake rubutawa. Da zarar ya gane ba, bi, bo, ya iya haɗa su, ya sami mabuɗi. Amma jarrabawa da Turanci ake yin ta, don haka kowace rana a ware rabin sa'a domin Turanci: a karanta masa da ƙarfi, ya maimaita, ya rubuta jimla uku.

Gidan Kirista ba ya rasa littafi. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu da yawa kuwa da shi suka koyi karatu a ajin baftisma, tun kafin zamanin Yaƙi da Jahilci. Labarin Yusufu, da na Rut, da Bisharar Markus suna da jimloli masu sauƙi. A bar yaro ya karanta aya biyu a addu'ar safe, washegari uku. Wanda yake da na Hausa da na Turanci, ya ajiye su gefe da gefe, yaro ya karanta aya ɗaya cikin harsuna biyu. Littafin waƙoƙi ma yana taimako, domin yaro ya riga ya san kalmomin da baki. Sai dai a kula: haddar aya abu ne mai kyau, amma ba ita ce iya karatu ba. A riƙa buɗe masa wurin da bai taɓa ji ba. Littafi Mai Tsarki kuma ba zai ɗauki matsayin littafin lissafi da na kimiyya ba. Waɗannan sai an nemo, ko da tsofaffi ne daga maƙwabta waɗanda yaransu suka wuce ajin.

Lokaci, da maganar kaka

Nan ne yawancin shiri ke rushewa. Ana farawa da ƙarfi a Satumba, da girbi ya kankama a Oktoba sai a ce, "Bari a gama masara tukuna." A gama masara, ga shinkafa da waken soya. A gama su, ga dawa, ga Kirsimeti. Kafin a farga zango guda ya wuce.

Shawarata ita ce a zauna tun yanzu, maigida da uwargida, a ɗauki kalanda a sa alama a kan kwanakin da lalle ana bukatar hannun yara a gona. A ce mako guda na masara, mako guda na dawa. Waɗannan su ne hutun makarantar gidanku. Sauran kwanaki, Litinin zuwa Jumma'a, ba a taɓa su. Sa'a biyu da safe bayan addu'a da karin kumallo sun isa ɗan firamare, in dai kullum ne. Ƙananan yara ba sa iya zama fiye da minti 20 a kan abu ɗaya, sai a canza: karatu, waƙa, lissafi, rubutu. A zaɓi wuri ɗaya, ko zaure ko gindin mangwaro, a shafa wa guntun katako baƙin fenti ya zama allo. Tun da aikina na gona ne, bari in ƙara da wannan: kada a yi aji a ɗakin da ake ajiye maganin feshi da taki, kada kuma yaro ya ɗebi ruwan sha da galan ɗin maganin ciyawa, kome wankin da aka yi masa.

Gonar ma aji ce. Buhun taki kilo 50 ne. In an sayi uku, kilo nawa ke nan? Mudu nawa aka auna daga wannan buhu, nawa za a samu in an sayar a Sabon Tasha? Babban yaro a ba shi wannan: hekta guda mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. In tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, tsakanin shuka da shuka santimita 25, tushen masara nawa za su shiga? Amsa ta ɗan haura 53,000. Yaron da ya fitar da wannan da kansa ya isa riƙe littafin lissafin gonar ubansa.

Ina roƙon iyaye mata game da 'yan mata. A gida, yarinya ce ake kira daga tsakiyar darasi: ɗauki jariri, duba tukunya, je rijiya. Ɗan'uwanta yana zaune yana rubutu. In sa'a biyun nan ta karatu ce, to ta kowa ce.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ba kowane gida ne yake da mai iya koyarwa ba, wanda ya iya kuma yana da gonarsa. Amma kusan kowace ikilisiya tana da tsohon malami da ya yi ritaya, ko matashi mai takardar NCE da bai sami aiki ba. Gida biyar ko shida su haɗu su ɗauki mutum ɗaya, a yanka masa lada tun farko, kuɗi ko mudun hatsi a kaka, a rubuta a littafin ƙungiya domin kada a yi gardama daga baya. Zumuntar Mata ta saba da adashi. Zubi ɗaya zai iya sayen littattafan da za a ajiye a akwati guda, ana ara ana mayarwa. Malaman Makarantar Lahadi sun san kowane yaro, su ne za su fi saurin lissafa waɗanda ba sa zuwa ko'ina.

A yi hankali da abu biyu. Na ɗaya, tsaro: a yi ajin da rana, a tsakiyar unguwa, yara kaɗan, ba kwana, ba tara yara da yawa a ginin da ke bakin daji. Na biyu, in abin ya girma har ya zama makaranta mai azuzuwa da kuɗin zango, tilas a nemi rajista wurin hukumar kula da ingancin makarantu ta Jihar Kaduna.

Akwai kuma yaran da suka ga abin tsoro da idonsu. Wani yakan firgita da ƙarar babur, wani ya koma fitsarin kwance, wani ya daina magana. Ba taurin kai ba ne, duka kuwa ƙara shi yake yi. Irin wannan yaro a fara da shi a hankali, da zane da waƙa da wasa tare da tsaransa a Boys' Brigade ko Girls' Brigade. In abin ya daɗe, a gaya wa fasto, a kuma kai shi asibiti. Yaron da ke yawan matso da littafi kusa da fuska, ko ba ya amsawa sai an ɗaga murya, a duba idonsa da kunnensa kafin a kira shi daƙiƙi. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a ƙarshen damina, sai a gyara gidan sauro tun kafin a fara.

Hanyar komawa aji

Kafin zango ya fara, uba ko uwa su je wurin hedimastan makarantar gwamnati mafi kusa, ko ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, su bayyana halin da ake ciki. A tambayi littattafan da ajin yaron ke amfani da su bana, domin a bi sawu ɗaya. A nemi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa in babu, musamman ga waɗanda takardunsu suka ƙone ko suka ɓace wajen gudu. Littattafan rubutun yaro kada a yage su a ƙunshe ƙosai. A sa kwanan wata a kowane shafi a adana, gama su ne shaidar da za a nuna ranar da za a gwada shi a sa shi aji.

Ga manyan yara, WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutum zai iya rubutawa ba ta hannun makaranta ba. Amma jarrabawar gama ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake shiga, tare da makin da malamai suka tara wa ɗalibi. Saboda haka yaron da ya kai shekara 11 ko 12, shi ne za a fara nema wa gurbi, ko da zai zauna wurin gwaggonsa a Sabon Tasha ko Television ya riƙa zuwa daga can. Sakataren kowace ƙungiya ya kawo sunayen irin waɗannan yara a taron wata mai zuwa, da shekarunsu da ajin da suka tsaya.