Daudawa: Aikin kwanaki da kasuwar Yamai ba ta biyan kuɗinsa

Duk wanda ya ratsa ɓangaren kayan miya a kasuwar Katako ko ta Wadata a birnin Yamai, hancinsa ne zai fara nuna masa inda masu daudawa suke tun kafin idonsa ya gan su. Baƙaƙen curi ne jere a faifai ko cikin kwano, galibi a gaban mata masu shekaru.

A teburin da ke kusa kuwa, dunƙulen miya ne na kamfani cikin takarda mai sheƙi, kowanne da sunansa da tambarinsa. Matasan matan aure da samarin da ke girka wa kansu sun fi miƙa hannu can, domin ba ya wari, ba ya buƙatar daka.

Curin daudawa ba ya ɗauke da suna ko kwanan wata. Mai saye ba shi da hanyar sanin garin da aka yi shi, ko kwana nawa aka ɗauka ana aikinsa. A nan asarar masu sana'ar take, domin a wasu ƙasashe wannan bayanin shi ake sayarwa da tsada.

Yadda Sifaniya ke sayar da shekaru

Misali mafi bayyana yana yankin Rioja da ke arewacin Sifaniya, wanda ya yi suna da jar giyar inabi. Giya haramun ce ga Musulmi, kuma ba shanta ne abin dubawa a nan ba. Abin dubawa shi ne yadda manoman yankin suka mayar da jira ya zama kuɗi.

Tun a 1925 gwamnatin ƙasar ta kare sunan Rioja, ta yadda babu mai iya liƙa shi a kwalba sai in a yankin aka noma inabin. Akwai hukumar da ke sa ido, kuma doka ta raba kayan aji-aji bisa tsawon ajiya.

Ajin Crianza sai ya shekara 2, Reserva shekara 3. Gran Reserva kuwa sai ya cika shekara 5, aƙalla 2 daga ciki a gangar katako mai cin lita 225. Wasu gidajen ma sun zarce abin da doka ta nema. Gidan López de Heredia da aka kafa a garin Haro a 1877 yakan bar Viña Tondonia Reserva ta shekara 6 a ganga.

Masu saye a can sun koyi karanta alamun tsufa, daga yadda launi ke sauyawa zuwa na jan bulo har zuwa ƙamshin busassun 'ya'yan itace. Suna biya da yawa saboda takardar da ke bayan kwalba ta tabbatar musu cewa shekarun na gaske ne.

Tsarin bai tsaya kan giya ba. Busasshen naman shanu na yankin León, wanda ake kira cecina, ɗan'uwan kilishinmu, ba ya samun tambarinsa sai ya yi aƙalla wata 7 ana sarrafa shi.

Lokacin da ke cikin curi guda

Daudawa ba ta shekaru a ajiye, amma lokacin da take ci yana da yawa. Daga bishiya lissafin yake farawa. Ɗorawa takan yi shekara 5 zuwa 10 kafin ta fara 'ya'ya, kuma a Nijar ta fi yawa a kudu inda ruwan sama ya fi sauka, musamman wajejen Gaya a jihar Dosso. Masana tsirrai suna kiranta Parkia biglobosa, sunan da aka ɗauko daga Mungo Park, Baturen da ya iso Kogin Kwara a 1796.

Bayan an fitar da garin ɗorawa, ƙwayar da ta rage ita ce kalwa. Ana dafa ta wuni guda, wani lokaci har da kwana, kafin ɓawonta mai tauri ya saki. Sai a surfa a turmi, a wanke, a tsince, a sake dafawa.

Daga nan a zuba a kwando ko ƙwarya, a lulluɓe sosai, a bar ta kwana 2 zuwa 3. A wannan zaman ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Bacillus subtilis, suke narkar da sinadarin gina jiki da ke cikin kalwar. Su suke kawo warin, su suke kawo daɗin. Bayan haka sai daka, curawa da shanya a rana.

A Nijar akwai kuma daudawar batso, wadda ake yi da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa. Zabarmawa suna kiranta mari bi. Ita sau biyu ake rufe ta ta nuna, kuma ana sa mata ruwan toka.

Wannan sana'a ta game yammacin Afirka. A Mali da Burkina Faso sumbala ake cewa, a Senegal netetu, Yarabawa kuma iru. Kusan ko'ina mata ne suke riƙe da ita, uwa na koya wa 'ya.

Yadda ake gane mai kyau

Iyaye mata da suka daɗe a madafa ba sa sayen daudawa da ka. Suna ɓantarar curin su duba cikinsa. Mai kyau launinta ɗaya ne ciki da waje, ta bushe sarai, babu tsakuwa ko ragowar ɓawo. Warinta yana da kaifi amma ba na ruma ba ne.

Suna kuma bambance ta kalwa zalla da wadda aka haɗa da waken suya, abin da ya yawaita saboda tsadar kalwa. Ta waken suya ta fi haske, kuma ɗanɗanonta bai kai zurfin na kalwa ba.

Gwaji na ƙarshe a tukunya yake. Idan daudawa ta dahu a miyar kuka, ta kuɓewa busassa ko ta yoɗo, warin nan yakan kwanta, ya bar gardi mai daɗewa a harshe. Shi ya sa 'yan Nijar da ke Faransa, Beljiyam ko Amurka suke naɗe ta leda kan leda a cikin jaka idan za su koma.

Gasa da dunƙule

Kimiyya ta san sirrin wannan gardi. A 1908 wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano cewa sinadarin glutamet ne ke haifar da shi. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Maggi ya fito da dunƙulensa a Turai. Abin da kalwa ke samarwa cikin kwanaki, masana'anta tana zuba shi kai tsaye.

Wani abin lura shi ne Jumbo, ɗaya daga cikin dunƙulen da suka fi shiga gidaje a yankin Sahel, mallakin kamfanin GBfoods ne na Sifaniya. Ƙasar da ta iya sayar da kayan shekara biyar ta kuma iya sayar da na minti biyar.

Dunƙule yana da arha da sauƙi, kuma ba za a zargi macen da ke tashi aiki da yamma don ta zaɓe shi ba. Sai dai kusan rabin nauyinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana. Daudawa kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku nata sinadarin gina jiki ne, abin da ke da muhimmanci a gidan da nama ba ya samuwa kullum.

Hanyar da kilishi ya buɗe

Nijar ta riga ta taka wannan hanya. A 2023 ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin ƙirƙira a ƙasashen Afirka 17, wadda hedikwatarta ke Yawunde, ta miƙa wa ƙasar takardun kare sunan kilishin Nijar da albasar Galmi, tare da tambarin haɗin gwiwa na cuku da fatar jar akuyar Maraɗi. Daudawa ba ta cikin wannan jeri.

Shiga jerin yana buƙatar masu sana'ar su haɗu a ƙungiya, su rubuta ƙa'ida: wace ƙwaya, daga wane yanki, kwana nawa a rufe, wace irin tsafta wajen shanya. Sannan a samu mai duba cewa an bi ƙa'idar. Idan aka yi haka, mai kalwa zalla za ta iya neman farashin da ya fi na mai haɗi, kuma shagon 'yan Afirka a Paris ko Barcelona zai san abin da yake oda.

Akwai kuma batun bishiyar kanta. Sara don itacen girki da faɗaɗa gonaki suna rage ɗorawa, kuma manomi ba ya dasa abin da sai bayan shekaru zai ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Muddin farashin daudawa bai tashi ba, babu abin da zai sa a dasa sabuwa a Gaya, kuma 'yan matan da ke ganin iyayensu suna kwana a bakin murhu ba su da dalilin gadon sana'ar.