Me Ya Sa Masu Sayar da Littattafai Suka Taru a Wuri Guda a Kano?

Mai neman littafi a Kano ya san inda zai dosa. In na addini ne ko na Larabci, sai Kasuwar Kurmi a cikin birni. In na boko ne ko ƙagaggen labari, sai Sabon Gari. Amma a unguwanni masu cunkoso irin su Rimin Kebe, Ɗorayi da Sheka, za ka wuce kemis da shagon cajin waya ba adadi kafin ka ga mai littattafai, shi ma galibi na rubutu ne da biro a gabansa.

Dalilin yana cikin lissafin ɗan kasuwa. Littafi kaya ne mai jinkirin fita. Mai shago zai zuba jari a littattafai iri-iri, wani ya shekara a kan kanta yana shan ƙura, kuɗin haya kuwa ba ya jira. Ciniki yakan buɗe lokacin komawa makaranta a watan Satumba, daga nan ya lafa. Mutanen unguwa ɗaya ba za su iya riƙe irin wannan shago ba, sai wurin da duk gari da 'yan sari daga ƙauyuka suke ratsawa. Zama kusa da juna ma riba ce: in an tambayi abin da ba ka da shi, sai ka ce "zauna, yanzu za a kawo", ka aiki yaro wurin maƙwabci, ku raba ribar.

Na bayan gari ne yake ɗaukar nauyin wannan tsari. A wurinsa, kuɗin littafi ya haɗa da na adaidaita sahu zuwa da dawowa, da rabin yinin da ya bar sana'arsa. Matan aure da 'yan mata, waɗanda su ne kan gaba wajen karanta littattafan Hausa, fitar ta fi yi musu wuya. Sai dai su ba da sallahu, su karɓi abin da aka kawo.

Wannan giɓi ne ya samar da masu ba da hayar littattafai a lunguna, da masu baza su a ƙofar masallacin Juma'a. Yanzu labarai da yawa sun koma WhatsApp da Wattpad, ana karanta su a waya ba sai an taka ƙafa ba. Littafin makaranta kuwa har yau na takarda ne. Shi ya sa makarantun kuɗi da dama suke saro shi da kansu su sayar wa iyaye. Uba ya huta da zuwa kasuwa, amma a ofishin makaranta ba a tayi, abin da aka yanka shi zai biya.