Neman Asali Ta Hanyar Gwajin DNA

Yawancinmu mun san sunan kakanninmu da garinsu. Amma baƙaƙen fata da yawa a Amurka ba su san nasu ba, gama cinikin bayi ya raba kakanninsu da Afirka. Don haka a shekarar 2003 Dokta Rick Kittles da Gina Paige suka kafa kamfanin African Ancestry.

DNA ƙwayar gado ce da Allah ya sa cikin jikin kowane mutum. Akwai wadda ɗa namiji yake gada daga uba kaɗai, akwai kuma wadda kowa yake gada daga uwa kaɗai. Mai neman asali yakan biya kuɗi, ya goga auduga cikin kumatunsa, ya aika. Sai kamfanin ya kwatanta da na kabilun Afirka. Ta haka aka danganta waɗansu da Hausawa ko Fulani.

Amma fa a lura: in ka koma baya tsara goma, kakanninka 1,024 ne, gwajin kuwa layi ɗaya yake bi. Ba ya faɗin suna ko gari.

Saboda haka, ɗalibai, a hutun nan ku tambayi tsofaffi asalin gidanku, ku rubuta tun suna da rai.